Filin Tambaya da Amsa: Yumɓu, Toka da Wutar Itace

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun da na yi bayani a wannan fili a kan tangaran ɗin da ake gasawa da wutar itace, wato kofuna da kwanukan yumɓun nan da ke fitowa daga wuta da taurin dutse, ba sa tsattsafo, kuma in an ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa sai su amsa kamar ƙararrawa, wasiƙu suke ta zuwa daga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. Na tsamo biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Duk inda na ambaci digiri, ma'aunin Selshiyas nake nufi.

Tambaya daga Mai Wurno, kusa da Sinnar: Malam, mahaifiyata maginiya ce, randuna da tukwanen miya take ginawa da yumɓun da muke haƙa a bakin kogi. Na so in gwada irin tangaran ɗin da ka bayyana, sai na gina kofuna goma na roƙi wani mai gasa jan bulo ya sa mini su a inda wuta ta fi ƙarfi a cikin kaminarsa, wato tanderun gasa bulo. Da aka buɗe, wasu sun lotse, wasu sun kumbura sun yi baƙi kamar kashin maƙera. Ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗan'uwa, hannunka bai yi laifi ba, yumɓun ne aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Tukunyar da Inna take gasawa a fili da kara da kashin shanu tana samun zafin da bai cika wuce digiri 600 zuwa 900 ba. A wannan zafi ƙwayoyin yumɓu suna manne wa juna ne kawai a inda suka haɗu, suna barin ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta waɗannan ƙofofin ne randa take gumi har ruwan cikinta ya yi sanyi. Tangaran kuwa sai an kai shi digiri 1,200 zuwa 1,300, inda wani sashe na yumɓun zai narke ya zama gilashi ya toshe ƙofofin, sauran kuma ya tsaya kamar ƙashi ya riƙe siffar kofin. Dole ke nan yumɓun ya ƙunshi abin da zai narke da abin da zai ƙi narkewa, kowanne daidai gwargwado.

Lakar da Shuɗin Nilu yake kawo muku daga tsaunukan Habasha cike take da ƙarfe da sauran sinadarai masu saurin narkewa. Wannan ne ya sa take yin jan bulo mai kyau da randa mai ƙarko, kuma shi ne ya sa da zarar ta wuce digiri 1,100 da ɗoriya sai ta yi laushi gaba ɗaya, iskar da ke cikinta ta rasa mafita, ta kumbura, ta zube. Tazarar da ke tsakanin nunarta da narkewarta ƙarama ce ƙwarai, ba mai iya tsayar da wutar itace a cikin wannan ɗan tsakanin. Baƙar ƙasar Jazira, wadda take tsagewa da rani har ƙafa ta faɗa, ta fi wannan wuyar sha'ani, domin tana shan ruwa da yawa kuma tana tsukewa da yawa, tun kafin ta ga wuta ta riga ta tsattsage.

Abin da za ka nema shi ne farin yumɓun da masana ke kira kawolin, wanda yake jure zafin da ya haura digiri 1,700. Ka yi hattara a nan, domin mu Hausawa muna kiran abubuwa biyu da sunan farar ƙasa, akwai wannan yumɓun, akwai kuma ta shafen ɗaki wadda 'yan Sudan ke kira jir. Ka ɗiga ruwan lemun tsami a kan busasshen ɓarɓashin. In ya yi kumfa yana tsuwa, jir ne, ka nisanta shi da jikin tukunyarka, domin ƙwaya guda da ta ɓuya a ciki tana iya tashi bayan kwanaki ta ɓalle gefen kofin. In bai motsa ba, kuma ya manne a harshe, to ka sa rai. Ƙasar nan ba ta rasa shi ba. Maginan Marawi ta dā, wadda kufanta ke arewa da Shandi, sun yi kofuna sirara kamar ɓawon ƙwai da farin yumɓu shekaru wajen 2,000 da suka wuce, kuma an san da shi a duwatsun Markhiyat da ke bayan Omdurman.

Shi kaɗai ba ya ginuwa da daɗi, saboda ba shi da danƙo sosai, kuma ba ya nuna a digiri 1,280. Sai an haɗa shi da yumɓu mai danƙo kaɗan, da garin felsfa, wato jajaye ko fararen ƙwayoyin nan masu sheƙi da ake gani a jikin dutsen giranit, da farin yashi mai laushi, da garin tsingaron da aka riga aka gasa da zafi mai yawa don ya rage tsukewa. Ni nakan fara da rabin haɗin farin yumɓu, kashi ɗaya cikin huɗu yumɓu mai danƙo, sauran kuma felsfa da yashi, sannan in yi ta gyara bisa abin da wuta ta nuna mini. Wannan mafari ne kawai, kowace ƙasa da halinta.

Kada ka sake sa kofuna goma a gwaji. Ka yi 'yan sanduna masu faɗin yatsu biyu daga kowane haɗi, ka ja layi mai tsawon santimita 10 a kan kowanne tun yana ɗanye, ka rubuta lambarsa a ƙasa, ka kuma rubuta haɗin a littafi. Bayan gashi ka sake auna layin, yumɓun tangaran yakan tsuke da kashi 10 zuwa 14 cikin 100. Sannan ka auna nauyin sandar a ƙaramin sikeli, ka tafasa ta a ruwa na wasu awoyi, ka bar ta ta kwana a ciki, ka goge ka sake aunawa. In nauyin bai ƙaru da fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, kuma sandar ba ta lanƙwashe ba, ka sami yumɓunka.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe game da mahaifiyarka. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tangaran a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, kuma a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen wata maginiya Bagwariya, Ladi Kwali. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da keken gini, amma manyan tulunan da suka kai sunanta Turai da Amurka da hannu ta gina su, kamar yadda ta koya a gida, ta zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada, sai dai an sauya mata yumɓu, an sauya mata wuta. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Gwanintar da ta fi wuyar samu tana nan a hannun Inna. Ka nemo yumɓun, ita ta gina. Yumɓun bakin kogin kuma kada ka zubar, ka karanta amsar da ke biye ka ga inda zai yi maka aiki.

Tambaya daga Gadarif: Malam, ina gina kaskon turaren wuta da ƙananan kwanuka ina sayarwa. Masu saye suna son masu ƙyalli. Wani ya ba ni shawarar in samo dalmar tsohon batirin mota, ko in daka tozali in gauraya da garin kwalba in shafa, wai zai narke ko a ƙaramar wuta. Ya halatta in gwada?

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada ki gwada, kuma ki koma ki faɗa wa wanda ya ba ki shawarar. Gaskiya ne dalma tana narkar da gilashi a ƙaramin zafi, tana kuma ba da ƙyalli mai ɗaukar ido, shi ya sa magina a ƙasashe da dama suka daɗe suna amfani da ita. Amma duk abin da ke da tsami yana jawo ta daga jikin kwano zuwa cikin abinci, ko zoɓo ne, ko tsamiya, ko nono, ko miyar tumatir. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, tana taruwa a jiki a hankali, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana da 'ya'yan da ke ciki take fara taɓawa. Tozalin dutse mai sheƙin nan galibi ma'adinin dalma ne shi ma. Duk Bahaushe ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Ke da za ki daka, ki tankaɗe, ki shafa da hannu, ke ce ta farko da za ta shaƙa, sai yaran da ke wasa a tsakar gidanki.

Abin farin ciki shi ne tangaran mai babban zafi ba ya buƙatar dalma ko kaɗan. Maginan ƙasar Sin ne suka lura, fiye da shekaru 3,000 da suka wuce, cewa tokar da wuta take kwasowa ta zuba a kafaɗun tukwane tana narkewa ta zama gilashi idan zafi ya kai. Daga nan suka fara dama tokar da kansu suna shafawa. Wannan shafe mai ƙyalli shi muke kira rigar gilashi, kuma ma'aikata uku gare ta. Akwai silika, sinadarin farin yashi da dutsen ƙanƙara, wanda shi ne gilashin kansa, amma ba ya narkewa sai a wajen digiri 1,700. Akwai mai narkarwa, wanda yake jawo shi ƙasa zuwa zafin da tanderu zai iya kaiwa, kuma wannan ne aikin toka, saboda sinadarin jir da gishirin da ke cikinta. Na uku shi ne yumɓu, wanda yake riƙe narkakken gilashin kada ya kwarare ƙasa.

Haɗin da magina da yawa suke farawa da shi shi ne kashi 40 toka, kashi 40 felsfa, kashi 20 yumɓu, a auna su busassu da sikeli, ba da mudu ba. Wanda na fi so kuwa ya fi wannan sauƙi, rabi toka, rabi lakar Nilu da aka tace. Wannan lakar da ta ɓata wa ɗan'uwanmu na Mai Wurno kofuna saboda saurin narkewarta, saurin narkewar ne ya sa ta zama riga mai kyau. Inda ta kwanta siririya takan fito da launin zuma, inda ta taru ta yi kauri takan yi baƙi mai zurfi, gefen bakin kofin kuma ya yi ja kamar tsatsa. Na daɗe ina wannan aiki, amma har yau in na ciro irin wannan kofin, na tuna cewa laka ce da toka kawai, sai in yi tasbihi.

Toka ma iri-iri ce. Ta itace mai tauri irin bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, tana da sinadarin jir da yawa, tana narkewa ta gudana ta bar zirin kore. Ta karan dawa da sauran ciyayi ta fi silika, don haka ba ta cika gudu ba, takan ba da fari-fari kamar madara. Ku a Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, kara bai yi muku wuya ba, sai dai ki ƙone shi a kan daɓe mai tsabta don kada ƙasa ta shiga. Masu toya kisra da masu gidan burodi ma za su ba ki toka. Ki tara mai yawa lokaci guda ki gauraya, domin tokar yau ba ta zama ɗaya da ta gobe, kuma in gwajinki ya yi kyau za ki so ki maimaita.

Ki jiƙa ta a babban baho, ki kwashe gawayin da ya taso, ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan, ki sake zubawa sau biyu ko uku. Za ki ji ruwan yana santsi kamar sabulu, ai shi ne ruwan tokar da iyayenmu suke yin sabulu da shi, yana cin fata, don haka ki sa safar roba, ki kuma kiyaye idonki. Ki tace da rariya mafi laushi, ki shanya, sannan ki auna. Damun ya yi kaurin koko mai ruwa-ruwa. Kwanukan a fara yi musu gashin farko a digiri 900 zuwa 1,000 don su yi ƙarfin riƙewa kuma su sha ruwa, a goge musu ƙura, a tsoma a ƙirga uku a ciro. Ki karce gefe da allura ki duba, kaurin ya kai milimita guda. Gindin kuma ki goge shi tas da jiƙaƙƙen tsumma, ki bar faɗin yatsa guda ba riga, domin rigar toka tana son gangarowa.

Sai dai in gaya miki gaskiya, wannan duka ba zai narke a wutar fili ba, sai an sami tanderun da ya kai digiri 1,250. Kafin ki samu, akwai ƙyallin da ba ya cutar da kowa. Ki shafa wa kaskon tataccen jan yumɓu, in ya fara bushewa ki goge shi da ɗan dutse mai santsi har ya ɗauki haske. Magina a ƙasar Gwari suna kuma yayyafa wa tukunya ruwan makuba tana da zafi, ya ba ta duhu da sheƙi. Siddig El Nigoumi, ɗan ƙasar nan wanda ya rasu a 1996, da irin wannan gugar ya yi suna a Ingila, ba da rigar gilashi ba.

Tambaya daga Kassala: Malam, mu matasa huɗu ne muka kama shago muna koyon gini. Muna so mu gina tanderun itace. Wane itace ya dace, awa nawa ake ɗauka, kuma yaya za mu san zafi ya kai alhali ba mu da na'urar awo?

Amsa: 'Ya'yana, Allah ya yi wa haɗin kanku albarka, domin gashin itace ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kaminar bulo da tanderun masu gasa zir, wato babbar randar ruwa, suna sakin zafi ta sama kai tsaye, shi ya sa ba sa kaiwa inda kuke so. Naku ya kasance da sassa uku, gidan wuta, ɗakin kaya, da bututun hayaƙi, kuma mafitar ɗakin kayan ta kasance a ƙasa, yadda harshen wuta zai hau rufi, ya rasa hanya, ya sauko ta tsakanin tukwane kafin bututu ya ja shi. Jan bulo zai narke a ciki, saboda da lakar kogi aka yi shi. Bangon ciki sai da bulo mai jure wuta, in ya yi tsada ku buga naku da farin yumɓu da garin tsingaro da garin katako, wanda zai ƙone ya bar ramuka masu riƙe zafi. Jan bulon ku yi bangon waje da saman bututu da shi. Ku fara da ƙaramin ɗaki, kada ya wuce mita guda ta kowane gefe, ku kuma gina bututun yadda za ku iya ƙara masa tsawo in jan iskarsa ya gaza.

Itace kuwa Allah ya hore muku. Miskit, itacen nan mai ƙaya wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 don tare rairayi, ya mamaye gonakin Gash da Halfa Jadida da Tokar har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Wanda ya sare shi ya taimaki manomi. Ku bar bagaruwa da aduwa da dakwara a tsaye, ƙasar tana buƙatarsu. Sharaɗin shi ne itacen ya bushe sarai, watanni a ƙarƙashin rumfa, a kuma faskara shi siriri kamar tsintsiyar hannu ko ƙasa da haka. Gawayi ba zai yi ba, saboda ba shi da dogon harshen da zai zagaya ɗakin. Miskit yana tara garwashi da yawa, don haka ku bar ƙofofin iska a ƙarƙashin gidan wuta, in ba haka ba garwashin zai shaƙe shi.

Ga yadda nake yi. Bayan la'asar nakan kunna 'yar wuta a bakin gidan wuta, wadda ba ta fi ta dafa shayi ba, in bar ta haka har dare ya raba. Nakan riƙe madubi a bakin bututu, muddin yana yin raɓa to akwai sauran danshi a ciki, kuma gaggawa a nan ita ce take fasa kaya. Bayan sallar asuba sai mu tura wutar ciki mu fara ƙarawa. A wajen digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya, don haka lokacin da cikin ɗakin ya fara yin ja mai duhu ba ma sauri. Daga nan launi ne malaminku. Ja mai haske yana nuna wajen digiri 800 zuwa 900, ruwan lemo wajen 1,000 zuwa 1,100, rawaya wajen 1,200, in kuma ya koma fari-fari har ba a bambanta tukunya da iskar da ke kewaye da ita, an kusa 1,300. Kada ɗayanku ya leƙa wannan hasken da tsirarin ido, ku sayi baƙin gilashin masu walda.

Da zafi ya kai wajen 1,000 nakan rage bakin bututu kaɗan in ƙara itace, don wutar ta ji yunwar iska. Wuta mai yunwa tana zuƙo iskar da ke ɗaure a cikin ƙarfen yumɓu da na riga, kuma wannan ne yake mayar da riga mai ƙarfe kaɗan kore ko ruwan toka mai sanyin kallo, ya ba jikin tukunyar launin gasasshen burodi.

Wurin da za a jarraba ku shi ne tsakanin 1,150 da 1,200. A nan wuta takan tsaya cik, awa guda, awa biyu, kowa ya gaji, sai wani ya ce a cika mata itace. To a nan ake ɓata aiki, domin itace mai yawa yana sanyaya gidan wuta yana kuma cinye iska, sai hayaƙi ya turnuƙe zafi ya sauka. Abin da ake yi shi ne a jefa sanduna biyar ko shida, a rufe, ɗaya daga cikinku ya tsaya yana kallon bututu. Baƙin hayaƙi zai fito, sai harshen wuta ya leƙo, sai ya ja da baya. A daidai lokacin da ya koma ciki ne zafi yake hawa, kuma a nan ne mai kallo zai ce a ƙara. Kunne ma yana aiki, domin rurin wutar yana sauya murya in ta cinye abin da aka ba ta. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma ban san sana'ar da maganar ta fi dacewa da ita kamar wannan ba.

Game da awo, akwai 'yan ƙahonin gwaji da wani Bajamushe mai suna Hermann Seger ya ƙirƙiro a 1886, kowanne da lambarsa, yana sunkuyawa in zafi da lokaci sun cika. Mai lamba 10 yana sunkuyawa a wajen digiri 1,280 zuwa 1,300. In wani zai zo daga Masar ko Saudiyya ku yi masa saƙo. In ba su samu ba, ku yi 'yan zobba da yumɓunku, ku tsoma su a rigar da kuka shafa wa kayan, ku jera su gaban ramin leƙe. In launi ya yi rawaya ku zaro ɗaya da sandar ƙarfe ku jefa a ruwa. In rigar tana da kaushi kamar yashi, da saura. In ta yi santsi ta yi sheƙi, ku riƙe zafin a nan kamar awa guda don sama da ƙasa su daidaita, sannan ku liƙe kowace kafa da laka. Ƙaramin tanderu mai kyau yakan ɗauki awa 14 zuwa 18 ban da ɗumamar dare. Maginan Japan sukan yi kwanaki suna zuba itace don tokar da ke tashi ta yi wa kaya riga da kanta, amma a ƙasar da hamada ke matsowa ban ga dalilin da zai sa mu bi wannan hanya ba.

Ku bar shi kwana biyu cur. Na taɓa zare bulo uku daga ƙofa washegari saboda ɗoki, ina tsaye na ji ƙas, ƙas, daga ciki, iska mai sanyi ta tsaga mini manyan kwanuka huɗu daga baki har gindi, aikin mako uku. Akwai wata tsukewa da yumɓu yake yi a wajen digiri 226, saboda haka kada ku buɗe sai hannu zai iya riƙe kayan. Ku zaɓi lokacin sanyi, ku guji ranar da ake sa ran habub, wato guguwar ƙura, ku ajiye zir cike da ruwa kusa da masu zuba itace.

Tambaya daga Wad Madani: Malam, zan iya yin jabana, wato tulun dafa gahawa, ko tukunyar miya ko randa da irin wannan tangaran?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Jikin da ya toshe ya zama kamar gilashi ba ya jure harshen wuta a gefe guda, in ka ɗora shi a garwashi gindin zai buɗe kafin saman ya ji ɗumi, sai ya tsage. Ramukan nan na jan yumɓu su ne suke ba jabana damar zama a kan wuta kullum safiya. Randar tangaran kuma ba ta gumi, don haka ruwanta ba zai yi sanyi ba, ga nauyi. Ka yi kofunan shan gahawar, da kwanon asida, da tulun ajiye man shanu ko zuma. Jabana da zir kuwa ka bar wa jan yumɓu, ba abin da ya fi shi a wannan aiki.

Tambaya daga Bur Sudan: Malam, gashina na farko ya kai zafi, amma kofuna da yawa sun manne a kan allon da na jera su, waɗanda suka tsira kuma rigarsu ta yi 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo.

Amsa: Barka da kaiwa, 'yar'uwa, mutane da yawa sai a karo na uku suke ganin riga ta narke. Tsage-tsagen suna faruwa ne idan rigar ta fi jikin kofin tsukewa a lokacin hucewa, sai jikin ya ja ta har ta yage, kamar ƙaramar riga a jikin ƙato. Wani lokaci ba sa fitowa sai bayan mako. Ki shafa tawada ki goge, za ki gan su ƙarara. Maganin shi ne ki ƙara garin silika mai laushi a cikin rigar, kashi 5 cikin 100 a kowane gwaji, ki rage kaurin shafin, ki kuma tabbatar jikin ya nuna sosai ta hanyar awon nauyin da na bayyana a amsar farko. Wajen tankaɗen garin ki rufe hanci da baki, ɗakin aikin kuma ki riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, domin ƙurar silika tana lalata huhu. Kofin da ya tsattsage a ciki ki mayar da shi na ado, tunda maiƙo da ragowar abinci suna maƙalewa a tsagar.

Mannewa kuwa a wutar itace ba makawa sai an yi mata shiri, domin toka tana shiga ko'ina, har ƙarƙashin gindin da kika goge. Magina suna ɗora kowane kofi a kan 'yan dunƙule uku na haɗin farin yumɓu da garin alumina, wani farin sinadari mai jure wuta, don dunƙulen ba sa narkewa. Ke kuwa da kike bakin Bahar Maliya kina da abin da ya fi wannan araha. Ki tsinto ƙananan ƙumbunan teku, waɗanda ake kira sadaf, ki wanke su, ki cusa wa kowanne ɗan yumɓu mai jure wuta a cikinsa don kada ya rushe, ki kifa guda uku ki ɗora kofin a kai. Wuta za ta mayar da su jir, amma za su tsaya da siffarsu har a gama. Bayan kin fito da kayan ki tsoma gindin a ruwa na ɗan lokaci, ƙumbar za ta kumbura ta zama gari ta zube. Za ta bar zanen haƙarƙarinta a gindin kofin da ɗan ja-ja a kewaye, sai ki bi wurin da dutsen wasa wuƙa don kada kaifinsa ya karce faranti.